Lauje Cikin Naɗi: Amsar Wasiƙunku kan Wasan Cike Gurbi

Tun da na fara kawo muku wasan cike gurbi mai lauje cikin naɗi a wannan shafi, irin wanda jaridun Ingila suka yi suna da shi, wasiƙu ba su yanke ba. Wasu godiya, wasu tambaya, wasu kuwa faɗa ne tsagwaronsa. Akwai wanda ya rubuto cewa na hana shi barci dare biyu kuma bai yafe ba. Allah ya huci zuciyarsa. Ga waɗanda na tsamo a wannan wata, na ɗan rage tsawon wasu saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne, kuma na saba da cike gurbi na yau da kullum, inda za a ce "babban birnin Nijar" in rubuta Yamai in wuce. Amma naka ya gagare ni. Na fi awa guda a kan wannan ishara: "Karatu ya hargitse a ɗakin maigida (6)". Wane irin karatu ake yi a ɗakin maigida, me kuma ya hargitsa shi?
Daga wani ɗalibi, Sakkwato

AMSA: Ɗana, ba wanda yake karatu, ba abin da ya hargitse. Tambayar nan da ka yi ita ce tarkon, ka kuwa faɗa da ƙafa biyu. Ka ɗauki isharar a matsayin labari, ka hango yara da alluna a ɗakin wani bawan Allah ana hayaniya. Mai ɗana tarkon ne ya zana maka wannan hoto da gangan, kamar yadda mai dabo yake kaɗa hannun dama alhali aikin yana hagu.

Ishara ta kirki kashi biyu ce da aka ɗinke har ba a ganin ɗinkin. Kashi ɗaya ma'anar amsar ce kai tsaye, yadda za ka same ta a ƙamus, kuma kusan kullum tana farkon jimla ko ƙarshenta, ba a tsakiya ba. Ɗaya kashin umarni ne na yadda za ka haɗa haruffan amsar da hannunka. Lambar da ke ƙarshe yawan haruffa ce.

To mu farke ɗinkin. "Ɗakin maigida" shi ne ma'ana. "Ya hargitse" umarni ne: hargitsa haruffan kalmar da ke kusa. Wace kalma? KARATU. Ƙirga haruffanta, shida ne, daidai da lambar. Rubuta su a warwatse a gefen takarda, K, A, R, A, T, U, ka yi ta jujjuya su har ɗakin maigida ya fito. TURAKA.

Abin da ya sa nake son wannan misali shi ne haruffan nan shida ba turaka kaɗai suke bayarwa ba. Suna ba da TAKURA, suna ba da TARUKA. Da na ce "Karatu ya rikice, ya zama matsi", da takura nake nufi. Ka ga ashe amsa ba ta tabbata sai hanyoyin biyu sun kai ka gida ɗaya. In ma'ana ta yarda haruffa suka ƙi, ba ita ba ce. In haruffa suka yarda ma'ana ta ƙi, nan ma ba ita ba ce. Ranar da biyun suka haɗu kuwa ba ka bukatar kowa ya ce maka ka yi daidai, kai da kanka za ka ji ta zauna daram. Wannan shi ne fifikon wasan a kan kacici-kacicinmu na dandali, inda mai tambaya kan iya cewa "ba haka ba ne, ba ni gari" ko da amsarka ta dace.

Kada ka ji kunya. Ni ma haka na fara. Muna sakandare akwai wani malaminmu ɗan Indiya mai koyar da lissafi, ana aiko masa da Guardian Weekly ta jirgin sama, takardarta shara-shara har kana ganin rubutun baya ta gaba, in ka danna biro da ƙarfi ta huje. Wata rana ya rubuta mana a allo: HIJKLMNO, ya ce kalmar Turanci ce mai harafi biyar. Muka kwana uku. Ashe haruffa ne daga H zuwa O, wanda in ka faɗa da Turanci sai ya yi amo ɗaya da H2O, wato ruwa. Da ya faɗi amsar, wani ɗan ajinmu ya miƙe ya ce, "Malam, wannan ai zalunci ne." Ni kuwa tun daga ranar cutar ta kama ni.

TAMBAYA: Malam, na gane batun hargitsa haruffa. Amma yaya zan san dabarar da aka yi amfani da ita a kowace ishara? Ko duk hargitsawa ce?
Daga wata malamar firamare, Maraɗi

AMSA: Malama, dabarun ba su kai goma ba, kuma kowace tana da kalmomin da ke tona mata asiri. Da zarar kin ga "ya rikice", "ya fashe", "mahaukaci", "an dama", "a birkice", ki zargi hargitsawa. Sauran kuwa bari in nuna miki su a aikace, ya fi dogon bayani.

"Birni na cikin abin da za ka noma (4)". Manomi zai fara lissafin gero da dawa. Ke kuwa ki tsaya a kan "na cikin". Amsar tana kwance a cikin jimlar, harafi bayan harafi: za KA NOma. Kano. Irin wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce ta fi wahalar da gwanaye, domin ido ba ya son tsallaka ratar da ke tsakanin kalmomi. Haka Mali take zaune a tsakiyar Somaliya shekara da shekaru ba wanda ya ce mata tashi.

"Abu ya juya baya, sai ga mahaifi (3)". Babban baƙin da ke farko shi ke sa ki zaci sunan mutum ne. Karanta ABU daga dama zuwa hagu: UBA.

"An sare kan ruwa, sai ga mahaifiya (3)". Kan kalma shi ne harafinta na farko. Cire R daga RUWA, saura UWA.

"Launin jini a gaban dabbar kogi, wakilin ƙasa ne (6)". Nan jere ake yi, kamar tubali a kan tubali. Launin jini JA, dabbar kogi KADA. JAKADA. Na san wani tsohon ma'aikacin harkokin waje da bai ji daɗin wannan ba.

Wadda na fi alfahari da ita a duk abin da na taɓa ɗanawa ita ce wannan: "Ka shiga tara a fafatawa (6)". Bahaushe na jin "ka shiga tara" zai ce wani ya shiga abin da ya fi uku. Amma umarni ne a fili, ba ƙari ba ragi: ɗauki KA, shigar da shi cikin TARA. TA, KA, RA. TAKARA, wato fafatawa. Ban yi miki ƙarya ko ta harafi ɗaya ba. Na faɗi abin da za ki yi, kunnenki ne ya ji wani abu dabam.

Sai kuma mai ma'ana biyu, wadda ba ta da umarni ko kaɗan, ma'anoni biyu ne kawai aka jera: "Tsakanin kai da kafaɗa akwai wahala (4)". WUYA. A nan Hausa ta fi Turanci arziki nesa ba kusa ba, domin rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kuka na miya da kuka na hawaye, gari na tuwo da gari na sarki, fari na launi da fari na rashin ruwa, duk rubutu ɗaya. Abin da ke ba ɗan koyo wahala a aji shi ne jarin mai ɗana tarko.

Shawarata: in ishara gajeriya ce, kalma uku ko huɗu, fara zargin ma'ana biyu. In kin ga wata kalma da ta zauna a jimla kamar baƙuwa a gidan biki, ba ta dace sosai ba amma an ajiye ta, ƙirga haruffanta. Galibi an kawo ta ne don haruffanta, ba don ma'anarta ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina karanta wata jaridar Ingila ta intanet, kuma Turancina ba laifi, da shi na yi aikin gwamnati shekara 30. Amma wasansu ko ishara biyar ba na warwarewa. Shin sai wanda aka haifa a can?
Daga wani ɗan fansho, Kaduna

AMSA: Alhaji, ba Turancinka ne ya gaza ba. Wasan yana da nasa zaurancen da ko Baturen da aka haifa a Landan sai ya koya. In sun ce sailor, yawanci haruffan AB ko TAR suke nufi. Love sifili ne, wato harafin O, daga lissafin wasan tanis. Worker sau da yawa ANT ne, tururuwa. The French na nufin LE ko LA. Flower ba lallai fure ba ne, yana iya zama kogi, abin da ke gudana. Queen ta daɗe tana nufin ER, saboda tambarin Sarauniya Elizabeth, kuma tun da ta rasu a 2022 CR na Sarki Charles ya samu shiga. Ga kuma kalmomin wasan kurket birjik, wanda shi ya sa Indiyawa suka fi mu saurin kamawa; jaridar The Hindu ma tana da nata wasan na kullum. Ka sami ɗan littafin rubutu. Kullum in an fitar da amsoshin jiya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka bar ishara sai ka san aikin kowace kalma a cikinta. Wata uku a haka ya fi shekara uku na zura wa gidajen haruffa ido.

Tunda ka kawo maganar haihuwa a can, shi kansa wasan ba a can aka haife shi ba. Cike gurbi na farko a Amurka aka buga shi, a jaridar New York World, ranar 21 ga Disamba 1913, kodayake wanda ya ƙirƙira shi, Arthur Wynne, mutumin Liverpool ne. Na Amurka har yau galibi ma'ana ce kai tsaye. Turawan Ingila ne suka sa masa lauje. Edward Powys Mathers ya fara ɗana wa jaridar Observer a 1926 da laƙabin Torquemada, sunan babban alƙalin kotun azabtarwa ta cocin Sifen. Da ya mutu a 1939 Derrick Macnutt, malamin Latin da Girkanci, ya gaje shi da laƙabin Ximenes, wani shugaban wannan kotu, mutumin da ya sa aka ƙone littattafan Larabci a Garnaɗa bayan faɗuwar Andalus. Wanda ya biyo bayansa a 1972, Jonathan Crowther, ya kira kansa Azed, wato Deza a juye, shi ma wani alƙalin kotun ne. Ka ga dai yadda suke kallon sana'arsu. Akwai kuma A. F. Ritchie, da ya haɗa farkon sunansa ya sami Afrit, ifiritun nan da muka sani a cikin aljannu.

Wannan ifiritu shi ya kafa dokar da wasan ke tafiya a kanta: ba dole mai ɗana tarko ya nufi abin da jimlarsa ta nuna ba, amma dole ya faɗi abin da yake nufi. Ximenes ya zo ya tsaurara ta a littafin da ya fitar a 1966. A wurinsa haramun ne a sa kalmar da ba ta da aiki don jimla ta yi daɗi kawai, haramun ne kuma a ce ka nemo wata kalma da kanka sannan ka hargitsa ta. Haruffan da za a hargitsa dole su kasance a gabanka. Ni a wannan shafi mazhabarsa nake bi. Akwai masu sassauci, babbansu Araucaria na jaridar Guardian, wani limamin coci mai suna John Graham, wanda ya shafe fiye da shekara 50 yana ɗanawa. Da likitoci suka gano yana da ciwon daji, a cikin wasan ya sanar da masoyansa. Isharar kalmar ita ce Sign of growth, harafi shida: CANCER, wanda burji ne a taurari, kuma tsiro ne a jiki. Ya rasu a Nuwamba 2013 yana da shekara 92. Na warware isharori dubbai a rayuwata, wannan ce kaɗai na gama na ajiye biro na yi shiru.

TAMBAYA: Malam, gaskiya ni kyautar ce ta jawo ni. Na ji ana cin kuɗi da wannan wasa a Turai. Nawa ake samu? Mutum zai iya riƙe shi sana'a?
Daga wani mai gyaran waya, Kano

AMSA: Ɗan'uwa, riƙe gyaran wayarka da hannu biyu. Manyan jaridun Ingila suna da wasan da ake cin kyauta, galibi na ƙarshen mako, amma abin da ake ba wa wanda ya ci bai wuce ƙamus ba, ko littafi, ko alƙalami, ko takardar sayen littattafai. Kuma ba wanda ya riga kowa ake ba ba. Ana tara duk amsoshin da suka yi daidai ne a zaro 'yan kaɗan da ƙuri'a. Mutum na iya shekara 20 yana aikawa daidai bai taɓa ci ba. A gasar Azed ma ba warwarewa kaɗai ba ce, sai ka ɗana taka isharar ga kalmar da aka bayar, wanda ya zo na ɗaya a ba shi kofi ya riƙe, in wani ya ci ya miƙa masa.

Gasar da ta fi kowace daraja ita ce ta jaridar Times, wadda ta fara buga wasan a 1930, ta fara gasar zakaru a 1970. John Sykes ya ci sau 10. Mark Goodliffe ya zo ya wuce shi. A 1970 ɗin nan wani mai suna Roy Dean ya gama wasan Times gaba ɗaya cikin minti 3 da daƙiƙa 45 a ɗakin watsa shirin BBC. Ni wanda ya fi sauri a tarihina ya kai minti 40, ranar kuwa har shayi na saya wa mutane.

Kyauta mafi girma da na san wasan ya taɓa jawo wa wani ba kuɗi ba ce. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jaridar Daily Telegraph ta shirya gasar warware wasanta cikin minti 12. Bayan 'yan makonni wasu daga cikin waɗanda suka yi fice suka sami wasiƙa daga hukumar soja, aka ɗauke su aikin fasa rubutun sirrin Jamusawa a Bletchley Park. Wasan ya kuma taɓa jawo wa wani tsautsayi. A 1944, makonni kaɗan kafin sojojin ƙawance su sauka Normandi a Faransa, sai ga kalmomin sirrin shirin suna fitowa a amsoshin Telegraph ɗaya bayan ɗaya: Utah, Omaha, Overlord, Mulberry, Neptune. Jami'an leƙen asiri suka je suka titsiye mai ɗanawar, Leonard Dawe, shugaban wata makaranta. Daga baya aka ji cewa yakan sa ɗalibansa su cike masa gidaje da kalmomi, su kuwa yaran a bakin sojojin da suka yi sansani kusa da makarantar suke tsintowa.

Gargaɗi ɗaya, kuma kai da ke harkar waya ka fi ni sani. Duk saƙon da ya ce ka amsa tambaya mai sauƙi ka ci mota, amma ka fara turo kuɗin rajista ko lambar sirrin katinka, ba wasan ƙwaƙwalwa ba ne. Wani maƙwabcina ya amsa "dabba mai dogon wuya" daidai, aka taya shi murna, aka kwashe masa kuɗin taki.

TAMBAYA: Malam, tunda akwai ƙuri'a a ciki, wannan ba caca ba ce?
Daga wata uwargida, Kumasi

AMSA: Hajiya, fatawa ta malamai ce, ki kai wa malaminki maganar yadda take. Abin da za ki gaya masa shi ne inda kyautar ta fito. Caca ita ce kowa ya zuba nasa, sa'a ta ba wa ɗaya, sauran su tafi da asara. Akwai hadisi a Abu Dawud da Tirmizi da ya keɓe ladan tsere ga harbin kibiya da tseren raƙuma da dawaki, kuma a kansa malamai suka yi dogon bayani game da gasar ilimi. Inda wani na gefe ne ya sa kyautar daga aljihunsa, masu shiga kuma ba su biya komai ba, ba wanda ya yi asara. A haka ake gudanar da musabaƙar Alƙur'ani, har a ba da mota da kujerar Makka. Inda kuwa sai kin aika saƙon tes mai tsadar da ta wuce ƙa'ida kafin a sa ki a ƙuri'a, to kuɗin saƙon nan shi ne zubin, ko da an kira shi da wani suna. A wannan shafi ba a biyan ko sisi, ƙamus ɗin da nake bayarwa kuma da kuɗin fanshona nake saye.

TAMBAYA: Baba, na gwada ɗana tawa, ka duba mini: "Ku faɗa rami, ga jirgin sahara (6)". Amsar RAƘUMI, wato KU a cikin RAMI. Na ci kyauta?
Daga wata ɗalibar jami'a, Zariya

AMSA: 'Yata, da na karanta sai da na tafa. Jimlar ta zauna, umarnin a fili yake, "faɗa" ya yi aikinsa ba tare da ya ɗaga murya ba. Wata shida ina neman irin wannan daga masu karatu. Amma ba ki ci ba, kuma na san za ki ce tsohon nan ya cika tsanani.

KU a cikin RAMI yana ba da rakumi, da k marar lanƙwasa. Dabbar kuwa raƙumi ce. A Hausa k da ƙ haruffa biyu ne dabam, kamar yadda baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce. Na san a waya yawancinku ba kwa sa lanƙwasa, har idonku ya daina ganin bambancin. To a gidan wasa bambancin ba ya ɓoyuwa, domin kowane harafi na iya zama mahaɗar kalma biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. In na yarda miki k ta zama ƙ a kwance, me zan ce wa kalmar da ta ratsa ta a tsaye? Dokar shafin nan ke nan: ɓ, ɗ, ƙ kowanne harafi ne mai cin gashin kansa. Sh da ts kuwa, duk da cewa sauti ɗaya ne kowannensu, gida biyu nake ba su, don ƙirgar ta yi daidai da abin da ido ke gani. Alƙalinmu in gardama ta tashi shi ne Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, kamar yadda masu wasan Azed suke komawa ga ƙamusun Chambers. In kalma tsohuwa ce ƙwarai nakan leƙa Bargery na 1934.

Tunda kina da hannu, bari in nuna miki wata gona da ba a nome ba. Juya kalma harafi-harafi dabarar Turanci ce, kuma ba ta cika karɓar Hausa ba, domin kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa. In kin juya su sai su fara da wasali su ƙare da baƙi, su zama ba Hausa ba. Abu da uba sun tsira ne don wasali ne gaba da baya. Amma mu muna da namu juyin tun kafin Bature ya zo da jarida: zaurance, inda 'yanmata ke juya gaɓoɓi don kada iyaye su gane. Gwada ki gani. Gari ya zama riga. Goro ya zama rogo. Sama ta zama masa. Wake ya zama kewa. Daka ya zama kada. Dala ta zama lada. Kalmomi ne na gaske gaba da baya, kuma Turanci ba shi da wannan taska. Saboda haka daga wannan wata na halatta kalmar "a zaurance" a matsayin umarnin juya gaɓa. Misali: "Dutsen Kano a zaurance, sakamakon aikin kirki (4)". LADA. Ximenes bai san da wannan ba, amma ban ga inda ya saɓa wa dokarsa ba, tunda an faɗi abin da ake nufi.

Ki sake ɗana wa raƙumin nan tarko ta wata hanya ki aiko. In ya kamu, zan buga.

TAMBAYA: Duba ƙamus ko tambayar waya satar amsa ce?
Daga wani direban tanka, Ngaoundere

AMSA: Ƙamus ba sata ba ne, don shi aka yi wasan. Manhajar da za ka zuba wa haruffa ta hargitsa maka kuwa, kamar ka hau mota ne ka ce ka yi tseren gudu. A wasan da ake cin kyauta kada ka yi. In kai kaɗai ne kana jiran lodi, tsakaninka da zuciyarka. Abin da na fi ba ka shawara shi ne ka ajiye takardar ka yi wani abu. Sau da yawa amsar da ta ƙi zuwa da dare tana zuwa da kanta wajen alwalar asuba.

Ga na wannan wata. Guda huɗu ne, kowace da irin dabararta, kuma duk na yi bayaninsu a sama:

Garin Nufawa na cikin rabi da kwata (4)

Umarni ya dawo da kwalliya (3)

Ku da tsoka, mai harbi da wutsiya (6)

Abin ɗaurin aure a zaurance, a ci da ƙuli (4)

A aiko da amsa tare da bayanin yadda aka same ta, domin amsa ba bayani ba ta shiga ƙuri'a. Jikata ce za ta zaro takarda ɗaya daga cikin hulata ranar 25 ga wata, shekararta biyar, ba ta iya karatu ba tukuna, saboda haka kada wanda ya zarge ta da son kai.